Ƙarar zaɓe a kotu: tana gyara dimokuraɗiyya ne ko tana rushe ta?

Ranar Laraba 20 ga Satumba, 2023, alƙalai uku na kotun sauraron ƙarar zaɓen gwamnan Kano ba su shigo zauren kotu ba. Ta manhajar Zoom suka karanta hukuncinsu, lauyoyi da 'yan jarida suna zaune suna kallon allo. Suka ce ƙuri'u 165,663 daga cikin 1,019,602 da Abba Kabir Yusuf na NNPP ya samu ba su ɗauke da hatimi da sa hannu da kwanan wata, saboda haka a cire su. Da aka cire, sai Nasiru Yusuf Gawuna na APC mai ƙuri'u 890,705 ya koma gaba. Kafin gari ya waye 'yan sanda sun sa dokar hana fita ta awa 24 a jihar.

Ranar 17 ga Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sake kayar da Abba, ta ƙara da cewa shi ba ɗan NNPP ba ne lokacin da aka tsayar da shi. Da takardar hukuncin ta fito a rubuce, sai aka ga wani shafi yana faɗin akasin abin da aka karanta a kotu, kotun ta ce kuskuren rubutu ne. Ranar 12 ga Janairu, 2024 Kotun Ƙoli ta rushe hukunce-hukuncen biyu, ta mayar masa da ƙuri'unsa. Zaɓe ɗaya, kotu uku, kusan wata goma ana jira. Wanda ya bi layi a rana ya dangwala yana da dalilin tambaya: shin ƙuri'ata ce ke naɗa gwamna, ko bakin alƙalamin alƙali?

## Me ake nufi da ƙarar zaɓe?

Shari'o'in zaɓe a Najeriya iri biyu ne, kuma rikita su shi ne ke jawo yawancin ruɗanin. Akwai shari'ar kafin zaɓe, wadda ta shafi zaɓen fid da gwani da takardun ɗan takara. Babbar Kotun Tarayya ake kai ta, cikin kwana 14 da faruwar abin. Akwai kuma ƙarar bayan zaɓe, wadda ɗan takara ko jam'iyyar da ta shiga zaɓen kaɗai ke iya shigarwa. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ba da dalilai uku a sashe na 134: wanda aka ce ya ci bai cancanci tsayawa ba, ko an yi maguɗi da saɓa wa doka, ko bai samu rinjayen halastattun ƙuri'u ba.

Sashe na 285 na kundin tsarin mulki ya ɗaure lokaci. Kwana 21 ne na shigar da ƙara, kwana 180 na yanke hukunci, kwana 60 na kowane mataki na ɗaukaka ƙara. Ƙarar shugaban ƙasa daga Kotun Ɗaukaka Ƙara take farawa ta ƙare a Kotun Ƙoli. Ta gwamna matakai uku ce. Ta 'yan majalisa kuwa a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa, abin da zai dawo mana a batun Filato.

Zuwa kotu ke nan ba saɓa wa tsarin mulki ba ne, tsarin mulkin ne da kansa ya buɗe ƙofar. Amma bayan rubutacciyar doka akwai ladubban da ba a rubuta ba, waɗanda mulkin farar hula ke tafiya a kansu: wanda ya faɗi ya amsa cewa ya faɗi, wanda ya ci kada ya taɓa alƙalai, kada a zargi zaɓe da maguɗi ba hujja. Masu cewa ƙararraki na illa, yawanci waɗannan ladubban suke nufi.

## Daga ina abin ya faro?

Jihar Kano ce ta haifi babbar shari'ar zaɓen shugaban ƙasa ta farko. A zaɓen Agustan 1979 doka ta ce sai ɗan takara ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Shehu Shagari na NPN ya samu a jihohi 12, a Kano kuwa ya tsaya a kashi 19.94. Lauyansa Richard Akinjide ya ce biyu cikin uku na 19 ba 13 ba ne, 12 ne da biyu cikin uku na jiha ta 13. Obafemi Awolowo ya ƙi yarda, ya tafi kotu. Ranar 26 ga Satumba, 1979 Kotun Ƙoli ta ba Shagari gaskiya, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa. Abin lura shi ne an gama shari'ar kafin rantsuwar 1 ga Oktoba.

A 1993 kuma sai aka ga ɗaya fuskar. Kwana biyu kafin zaɓen 12 ga Yuni, ƙungiyar ABN ta Arthur Nzeribe, mai neman soja su ci gaba da mulki, ta samo umarni daga Mai Shari'a Bassey Ikpeme a Abuja cewa kada a yi zaɓen. Hukumar zaɓe ta Humphrey Nwosu ta yi zaɓenta. Sai wani umarnin ya hana bayyana sakamako, wasu kotuna a wasu jihohi suka ce a bayyana. Ranar 23 ga Yuni gwamnatin Janar Babangida ta soke zaɓen da MKO Abiola ke kan gaba da Bashir Tofa, tana kafa hujja da ruɗanin da kotuna suka shiga. Nan kotu ta zama makamin da aka yanka zaɓe da shi.

Tun daga 1999 kowane zaɓen shugaban ƙasa ya je kotu, ban da na 2015 da Goodluck Jonathan ya kira Muhammadu Buhari ya taya shi murna. Ƙarar Buhari ta 2003 sai a Yulin 2005 aka gama ta, Obasanjo ya riga ya ci fiye da rabin wa'adinsa. Ta 2007 ta ƙare a Disambar 2008, alƙalai huɗu suka tabbatar da Umaru Musa 'Yar'aduwa, uku suka ce a soke. 'Yar'aduwa da bakinsa ya amsa ranar rantsuwa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais don gyaran tsarin zaɓe. Jan ƙafar wancan zamani ne ya sa aka yi gyaran tsarin mulki a 2010 aka ɗaure kwanakin. Har yau kotu ba ta taɓa soke zaɓen shugaban ƙasa a Najeriya ba.

## Masu cewa kotu garkuwa ce

Hujjarsu ta farko ita ce, wanda aka zalunta a zaɓe hanya biyu gare shi: kotu ko titi. A Kenya a ƙarshen 2007 Raila Odinga ya ƙi zuwa kotu saboda bai yarda da alƙalan ba, rikicin da ya biyo baya ya ci rayuka fiye da 1,000. Shekara goma bayan haka ya je, kuma ranar 1 ga Satumba, 2017 Kotun Ƙolin Kenya ƙarƙashin David Maraga ta soke nasarar shugaba mai ci Uhuru Kenyatta, ta ce a sake. A Malawi, a Fabrairun 2020, kotu ta soke zaɓen Peter Mutharika bayan an nuna mata takardun sakamako da aka shafe alƙalumansu da farin ruwan goge rubutu na Tipp-Ex. Aka sake zaɓe a watan Yuni, Lazarus Chakwera ya ci. Mu ma a nan mun san farashin titi: ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta mutum fiye da 800 ne suka mutu a arewa cikin kwana uku bayan zaɓen Afrilun 2011.

Hujja ta biyu daga gida take. Peter Obi ya yi kusan shekara uku yana shari'a kafin ya karɓi kujerar Anambara a Maris 2006. Adams Oshiomhole a Edo a 2008, Olusegun Mimiko a Ondo a 2009, Kayode Fayemi a Ekiti da Rauf Aregbesola a Osun a 2010, duk kotu ce ta ba su. Dukansu 'yan adawa ne suka karɓa daga hannun PDP mai mulkin tarayya a lokacin. Da ba ƙofar kotu, da sakamakon da aka rubuta a ɗaki ya zauna daram.

Akwai kuma amfanin da ake samu ko da an faɗi a shari'ar. A Gana, Nana Akufo-Addo ya ƙalubalanci nasarar John Mahama ta 2012. Wata takwas ana shari'ar, ana nuna ta kai tsaye a talabijin, jama'a suka ga yadda ake cike takardar sakamako da inda ake kuskure. Ranar 29 ga Agusta, 2013 kotu ta kayar da shi, ya fito ya ce bai gamsu ba amma ya karɓa. A 2016 ya ci zaɓe ta akwati.

## Masu cewa kotu ta ƙwace aikin masu zaɓe

Waɗannan ba su musa abin da ya gabata ba. Ƙorafinsu shi ne kotu ta tashi daga tambayar wa jama'a suka zaɓa, ta koma tambayar wa ya cika takarda daidai.

Zamfara ce misalin da suka fi kawowa. A 2019 Mukhtar Shehu Idris na APC ya samu ƙuri'u sama da 500,000, Bello Matawalle na PDP bai kai 200,000 ba. Ranar 24 ga Mayu, kwana biyar kafin rantsuwa, Kotun Ƙoli ta ce APC ba ta yi halastaccen zaɓen fid da gwani ba, don haka ƙuri'unta duk sun tafi a banza. Kujerar gwamna, sanatoci 3, 'yan majalisar wakilai 7 da na jiha 24 suka tashi a rana ɗaya. Gaskiya ne rigimar cikin gida ce ta kai APC ta baro, kuma jam'iyyar da ta karya doka bai kamata ta ci riba ba. Amma kotu ba ta ce a sake zaɓe ba, ta miƙa wa wanda ya zo na biyu. Manomin Talatar Mafara da ya dangwala wa tsintsiya ba shi ya shirya zaɓen fid da gwani ba, kuma shi aka hukunta.

A Bayelsa, ranar 13 ga Fabrairu, 2020, David Lyon yana filin gwajin faretin rantsuwar washegari labari ya iso cewa Kotun Ƙoli ta cire shi, saboda sunayen da ke takardun mataimakinsa sun saɓa wa juna. Wata guda kafin nan, ranar 14 ga Janairu, kotun ta ƙara wa Hope Uzodinma sakamakon rumfuna 388 da ya ce an ƙi lissafa masa, ya tashi daga na huɗu a sakamakon INEC ya zama gwamnan Imo a madadin Emeka Ihedioha. A Yobe ta Arewa, a Fabrairun 2023, alƙalai uku cikin biyar suka ba Ahmad Lawan takarar sanata a kan Bashir Machina, bisa dalilin cewa Machina ya shigar da ƙararsa ta hanyar da ba ta dace ba. Hausawa sun daɗe suna cewa shari'a saɓanin hankali, amma idan saɓanin ya yi yawa a kan abin da mutane suka gani da idonsu, sai su daina bambanta hukunci da ciniki.

Filato ta fi duka ciwo. A 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta kori 'yan majalisar jiha 16 na PDP da wasu 'yan majalisar tarayya, ta ce jam'iyyar ba ta da halastaccen shugabanci a jihar da zai tsayar da su. Da wannan dalilin ta kori Gwamna Caleb Mutfwang. Shi yana da damar zuwa Kotun Ƙoli, ya je, kuma a ranar da aka yanke na Kano aka mayar da shi, kotun ta ce batun tsayar da ɗan takara na kafin zaɓe ne, bai shafi wata jam'iyya ba. Wato dalilin da aka kori 'yan majalisar da shi kuskure ne. Su kuwa bakin alƙalami ya bushe, domin shari'arsu ba ta wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Wata illar kuma ba daga alƙalai take zuwa ba, daga masu ƙara take. Bayan zaɓen Amurka na 2020 Donald Trump da magoya bayansa sun shigar da ƙararraki fiye da 60, kusan duka aka yi watsi da su, har a gaban alƙalan da shi ya naɗa. Kotunan sun yi aikinsu. Sai dai an ci gaba da gaya wa jama'a an sace zaɓe, har magoya bayansa suka afka wa ginin majalisa ranar 6 ga Janairu, 2021. Shekara 20 kafin nan, Al Gore ya rasa fadar shugaban ƙasa da tazarar ƙuri'u 537 a jihar Fulorida, Kotun Ƙoli ta tsayar da sake ƙirga, washegari ya ce bai yarda da hukuncin ba amma ya karɓa. Doka ɗaya ce ta ba su biyun damar zuwa kotu, abin da kowa ya yi bayan hukunci ne ya raba su.

## "A tafi kotu": me ya sa maganar ta zama gatse?

Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023, duk wanda ya yi ƙorafi amsar da yake samu ita ce ya tafi kotu. Mutane da yawa sun ji ta kamar ana cewa ka je ka sha wahalar banza, kuma akwai dalili a cikin dokar kanta.

Doka tana ɗaukar sakamakon INEC a matsayin daidai har sai mai ƙara ya tabbatar da akasin haka. Nuna cewa an saɓa doka ma bai isa ba, sashe na 135 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ce sai saɓawar ta kai ga sauya sakamako. Kotuna kuma sun daɗe a kan cewa maguɗi rumfa-rumfa ake tabbatar da shi, ta bakin wanda yake wurin. Wakilin jam'iyya da ya tsaya a rumfa tun safe, ya sa hannu a fom EC8A na sakamakon rumfa, ya karɓi kwafinsa ya ninke a aljihu, shi ne shaida. Wakilin ƙaramar hukuma da aka kai wa rahoto, a wurin kotu ji ya yi, bai gani ba. Ƙasar kuwa tana da rumfuna fiye da 176,000. Atiku Abubakar ya kira shaidu 27, Peter Obi ya kira 13, kuma kotu ta yi watsi da shaidar da yawa daga cikinsu saboda ba a haɗa rubutaccen bayaninsu da takardar ƙara cikin kwana 21 ba. Takardun da mai ƙara zai kafa hujja da su suna hannun INEC, wadda ita ma yake ƙara.

Kotun sauraron ƙarar zaɓen shugaban ƙasa ƙarƙashin Haruna Tsammani ta kori ƙararrakin ranar 6 ga Satumba, 2023, Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Bola Tinubu ranar 26 ga Oktoba. Hukuncin ya warware tambayoyi biyu da suka daɗe suna yawo: samun kashi 25 a Abuja ba sharaɗi ne na musamman ba, kuma rashin ɗora sakamako a IReV, shafin intanet na INEC, a kan lokaci bai isa ya soke zaɓe ba, domin dokar ba ta tilasta shi ba. Magoya bayan Bola Tinubu suna ganin masu ƙara ne suka kasa kawo hujja, suka cika kafafen sada zumunta da zargi. Ɗaya ɓangaren na ganin INEC ta yi alƙawarin ɗora sakamako kai tsaye, ta saɓa, kuma ba wanda ya biya komai a kai. Maganganun biyu suna iya zama gaskiya a lokaci guda.

Idan aka jera misalan nan, abin da ke fitowa shi ne shigar da ƙara ba ta rushe dimokuraɗiyya a ko'ina ba. Ɓarnar tana zuwa ne idan an kai zargi ba hujja don a tunzura jama'a, ko hukuncin yau ya saɓa wa na jiya a kan magana iri ɗaya, ko aka ba kujera ga wanda masu zaɓe suka ƙi alhali ana iya mayar musu da akwati su sake. Kuma yawan ƙararrakin alama ce ta ciwon da ke wani wuri, a zaɓen fid da gwani da ɗakin tattara sakamako. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

## Abin da ke sauka a kan talaka

Gwamnan da shari'a ke kansa rabin hankalinsa yana Abuja. Manyan lauyoyi masu muƙamin SAN ba sa aiki kyauta, kuma wanda ke kan kujera ya fi mai ƙara hanyar biyansu. 'Yan kwangila kan ja ƙafa su ga inda hukunci zai faɗa. Duk ranar hukunci a gari irin Kano, ɗan kasuwar Kwari ko Sabon Gari sai ya yi lissafi ko ya buɗe shago ko ya zauna a gida, mai sayar da abinci a bakin titi kuma ranar dokar hana fita ba ciniki.

Akwai asarar da ba a cika magana a kai ba. Don zaɓen 2023 an rantsar da alƙalai sama da 300 su zauna a kotunan zaɓe, kuma daga kotunan jihohi aka ɗebo su. Mai shari'ar gona ko gado, da wanda ke tsare a gidan yari yana jiran a saurare shi, su ne ke jira wata shida har alƙalinsu ya dawo. Jihohi takwas kuma, Anambara, Bayelsa, Edo, Ekiti, Imo, Kogi, Ondo da Osun, yanzu zaɓen gwamnansu daban ake yi da na sauran ƙasa, duk sanadin hukuncin kotu.

Sai kuma sanyin gwiwa. A 2003 an ce kashi 69 na masu rajista ne suka fito zaɓen shugaban ƙasa, a 2023 kusan kashi 27. Ba za a ɗora wa kotu wannan duka ba, domin na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta rage aringizon da ke kumbura alƙaluman da, ga matsalar tsaro da ƙarancin takardun kuɗi a lokacin. Amma mai cewa "ko na yi zaɓe a kotu za a ƙarasa" yana da Zamfara da Imo da zai nuna.

## Gyaran da ake ta magana a kai

Rahoton kwamitin Uwais na Disambar 2008 ya ba da shawarwari biyu da har yanzu ake komawa kansu: nauyin tabbatar da ingancin zaɓe ya koma kan INEC, kuma a gama duk shari'a kafin a rantsar da kowa. Masu adawa da ta farko suna cewa za ta buɗe ƙofa ga duk wanda ya faɗi ya shigar da ƙara ba hujja, ya bar hukuma da wahala. Masu goyon baya suna cewa wanda takardu ke hannunsa shi ya fi dacewa ya kare su.

Ta biyun lissafi ne. A Kenya kwana 7 ake ba mai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke cikin kwana 14, kuma ba a rantsuwa sai an gama. A Najeriya tsakanin zaɓen 25 ga Fabrairu da rantsuwar 29 ga Mayu, 2023 kwana 93 ne, alhali 21 da 180 da 60 sun kai 261, na gwamna ma ya fi haka da mataki ɗaya. Ko dai a rage kwanakin shari'a, wanda zai ƙara wa mai ƙara wahalar tattara shaidu, ko a matso da zaɓe baya, amma sashe na 132 na kundin tsarin mulki bai yarda a yi zaɓen shugaban ƙasa fiye da kwana 150 kafin ƙarewar wa'adi ba. Kowanne aka zaɓa sai an taɓa kundin tsarin mulki, wato sai kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu da majalisun jihohi 24 sun amince, kuma da yawa daga masu kaɗa wannan ƙuri'a sun san yadda ake shari'a kana zaune a kan kujera.